Kan Barnabi da Zannuwan Romawa

Ana ta yawo da zance a gidajen giya na bakin kogi, wai ni Dorkas Pell na sace birnin Roma na jiƙa shi a bahon wanki. Ban saci komai ba. Riƙewa na yi, kuma da dalilina. Tunda kowane mashayi a Landan ya samu bakin faɗar nasa, bari ni ma in faɗi nawa. Wanda ya ji haushi ya zo ya same ni, gidana ba ɓoyayye ba ne, shi ne mai igiyoyin shanya a bayan gidan wasa na Bushiya.

Mijina Barnabi ya yi shekara ashirin da wani abu yana wasa a Bushiya. Ba ya cikin masu gidan, ɗaukarsa aiki suka yi, kuma bai taɓa fitowa a sarki ba. Amma Allah ya ba shi sanƙo mai ƙyalli da hanci kamar bakin shaho, sai masu ilimi suka ce fuskar Romawan dā ce sak. Ban san wanda ya taɓa ganin Barome da idonsa a cikinsu ba. Shi ke nan, duk wasan da aka ce a Roma abin ya faru, Barnabi ne tsohon jarumin da ake fille wa kai. Za a ja shi bayan labule yana doguwar magana, a ji ƙarar gatari a kan gungume, sai a fito da kansa a kan faranti jini na ɗiga.

Kan da ake fitowa da shi Hob Finch ne ya yi shi, mai ajiyar kayan wasa. Ya zaunar da Barnabi a kujera, ya shafa masa kitse a fuska, ya yi ta manna jiƙaƙƙiyar takarda da danƙo. Da ta bushe ya yi mata fenti, bai bar ko tawadar Allahn da ke ƙarƙashin idonsa na hagu ba. Ranar da aka gama, Barnabi ya shigo gida da abin a hammata, saura kaɗan in kifar da tukunyar miya.

Ya ce, “Dorkas, yau kin samu miji biyu.”

Na ce, “Bar mini wannan, tafi da kanka. Shi ba ya shan giya.”

Sanyin bara waccan zazzaɓi ya ɗauke shi a kan gadonsa. Na binne shi a harabar coci da kansa a wuyansa, cikakken mutum. Hotonsa ba ni da shi, mu ba masu kuɗin da ake zana wa fuska ba ne. Abin da ya rage na kamanninsa a duniya shi ne wannan kai na takarda.

Ban nemi a ba ni ba a lokacin, don ina ganin yana inda ya dace. Akwai wani wasa da suke yawan maimaitawa, na wani tsohon shugaban yaƙi da ya ƙi durƙusa wa azzalumin sarki. Sunansa ba ya zama a bakina, da “us” ya ƙare kamar na dukansu. A ƙarshen wasan ana kawo kan a rufe da jan alharini. Sarkin da ya sa aka kashe shi ya buɗe, ya fashe da kuka, ya ce yau Roma ta yi rashin uba. Saurayin da ke fitowa a matar mamacin, don maza ne ke fitowa a mata, ya durƙusa ya sumbaci goshin. Fili ya yi tsit, har masu sayar da tuffa su yi shiru. Ni kuwa duk ranar da aka ɗaga tuta aka ce wasan ne, sai in ajiye guga, in ba da kwabona a ƙofa, in kutsa har gindin dandamali. Idan aka yaye alharinin in ce a hankali, “Sannu da aiki, Barnabi.” Wata gwauruwar kabari take zuwa, ni nan nake zuwa, kuma nawa ana yi masa tafi.

Abin dariya ma, wanda ya gaje shi a wasan, Nikolas Sprat, siriri ne mai gashi har kafaɗa da ɗan hanci kamar maɓalli. Maimakon a yi sabon kai mai kama da shi, sai Maigida Lambert Oke, shugaban gidan, ya ce hakan ɓarnar takarda ce. Aka rufe wa Nikolas gashi da fatar mafitsarar alade, aka liƙa masa hancin kakin zuma, aka ɗiga masa tawada ƙarƙashin ido, aka cusa masa matashi a ciki. Wato mai rai ake gyarawa kullum don ya yi kama da na takarda. Idan rana ta yi zafi hancin ya fara zamewa yana tsakiyar magana, ya riƙa tura shi sama da yatsa kamar mai tunani.

Ana nan lafiya sai ga Malam Jarvis Rudd daga jami'a, yaro ne da ƙyar gemu ya fito masa, da littafi a hammata da huji a safa. Ya kawo sabon wasa, aka ce na Girkawa ne. Ni ban iya karanta takardar da suke mannawa a ginshiƙi ba, maƙwabciyata Sibil ce ta ce ta ji an ce akwai kai a ciki. Na ce to, bari in je in gaishe shi.

Tun daga farko na ga waɗannan ba mutanen arziki ba ne. Romawa idan za su kashe ka sai sun yi maka jawabi, su yabi kakanninka, sannan su soke ka. Waɗannan kuwa wa da ƙane ne suke gaba, fatalwa ta fito daga ramin dandamali tana zuga su, wasu mata masu macizai a ka suna ihu. Can aka shirya liyafa. Wan ya ci ya ƙoshi har yana gyatsa, sai ƙanen ya ce a kawo babban kwano mai murfi, don wan ya ga naman da ya ci. Aka ɗaga murfin.

Barnabi ne. An kewaye shi da ganyen miya da albasa, an huda bakinsa an cusa masa jan tuffa kamar gasasshen ɗan alade na ranar biki.

Fili ya kece da dariya. Wani mahauci a gefena ya jefa ɓawon tuffa ya sami sanƙon, ya ce, “A ƙara masa gishiri.” Na juya na ba shi gwiwar hannu a ciki, ya zauna a taɓo. Ban tsaya ganin ƙarshen ba. Har yau ban san wanda ya ci wani daga baya ba, ban kuma damu ba.

Washegari da safe na shiga ɗakin sa kaya ta ƙofar baya, inda na saba shiga karɓar wanki. Suna gwaji. Maigida Lambert na zaune a kan kujerar nan da ake saukar da alloli daga sama da ita, yana cin burodi da cuku. Malam Jarvis na tsaye da littafinsa. Hob na ganina ya shige bayan fatar zaki.

Na ce, “Fito, Hob. Wutsiyarka na waje.”

Lambert ya ce, “Iya Dorkas, barka da asuba. Yau ba ranar wanki ba ce, ko?”

“Ranar karɓar miji ce. Ku ba ni kansa.”

Ya haɗiye cukunsa a hankali. “Iya, kin san yadda muke girmama marigayi. Amma kan nan kayan gida ne, kamar fatar zakin can, kamar bakin jahannama da ke jingine a bango. Takardarmu ce, danƙonmu ne.”

“Hancin fa, naku ne? Tawadar Allahn ku kuka ɗiga masa? Shekara nawa ina kwana kusa da hancin nan yana mini minshari, yau ka ce kayan gida?”

Sai Malam Jarvis ya matso, yana ta lanƙwasa murya. “Uwargida, ba wulaƙanci ba ne. Labarin tsoho ne ƙwarai, ya girmi cocinmu. Girkawa ne suka fara ba da shi, wani babban masani na Roma ya sake rubuta shi da Latin, ni kuma na juyo shi zuwa harshenmu. Darasi ne a kan sharrin gaba tsakanin ’yan'uwa.”

Na ce, “Wato hannu uku ya bi, ba a samu mai kunya ko ɗaya ba. To buɗe littafin ka nuna mini inda aka ce a sa masa tuffa.”

Ya buɗe, ya juya, ya rufe. Kunnuwansa suka yi ja. “Tuffar ba ta ciki.”

“Albasar fa?”

“Ita ma. Ni na ce a bar kan haka nan da mutuncinsa, a yi shiru idan an buɗe. Suka ce mutanen fili ba su biya don su yi shiru ba.”

Hob ya leƙo daga bayan zaki. “Gwaggo, ni umarni aka ba ni. Kuma ramin ɗan ƙarami ne.”

“Zo in yi maka irinsa mu gani.”

Lambert ya miƙe yana kakkaɓe burodi daga gemu. Ya ce wasan ya karɓu, jiya har a kan bene babu masaka tsinke, za a maimaita shi mako mai zuwa, kuma da tuffarsa. Ya ce idan raina ya ɓaci, daga yau in riƙa shiga kallo kyauta.

Na ce, “Kyauta in kalli ana cin mijina. Allah ya saka, Lambert. Na san ka tun kana riƙe wa mutane dawakai a ƙofa majina na zuba.”

Na fita. A hanya ne na tuna abin da ke jiƙe a bahona.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan wasa ya san yadda ake yin Barome. Mutum ya sa wandonsa da rigarsa da takalminsa na kullum, sai a yafa masa farin zanen gado ta kafaɗa ɗaya, a ɗaure a ƙugu. Shi ke nan ya zama ɗan majalisar Roma. Zannuwan nan kuwa kullum cikin jinin tunkiya suke, don kowane ɗan majalisa da ’yar mafitsara cike da jini a ƙarƙashin hammata, jiran wuƙa yake. Ni nake wanke su tun Barnabi na da sauran gashi. Wannan makon gaba ɗayansu suna hannuna, ga shi ranar Asabar an sa wasan tsohon shugaban yaƙi. Na wanke su tas, na shanya, na goge, na ninke, na jera a cikin akwatina, na zauna a kai.

Ranar Juma'a Hob ya zo karɓa. Na ce ya gaya wa maigidansa zannuwa suna gaishe shi, sun ce ba za su fita ba sai sun ga Barnabi.

Lambert ya ɗauka wasa ne. Ya aika a nemo aro. Matarsa ta ce duk wanda ya taɓa mata zanen aurenta da jinin tunkiya ya nemi wurin kwana. Masu wanki na bakin kogi kuwa Sibil ta riga ta zaga su, kowace ta ce nata a jiƙe suke. Abin da ya samu shi ne mayafin tebur biyu daga gidan giya, duk da zoben gindin kofi, da wani labule mai furanni shuɗi, da bargon doki.

Ranar Asabar na ba da kwabona da kaina, ban karɓi kyautarsa ba. Aka busa ƙaho, majalisar Roma ta fito. Na farko da mayafin tebur, na biyu da furanni, na uku da bargon doki yana atishawa. Sauran haka nan suka fito da kayansu na gida. Sai wata mata daga baya ta ce, “Ina Romawan? Wancan ai Wat ne, mijin mai kyandir.” Wani ya ce, “Mai furanni, nawa ne yadi?” Nikolas ya fito zai yi jawabinsa na ƙin durƙusawa, dariya ta hana a ji shi, ya yi zufa har hancin ya faɗo gaba ɗaya ya mirgina cikin jama'a. Na hango Malam Jarvis a gefen labule ya rufe fuska da littafinsa, kafaɗunsa na rawa. Ban sani ba ko kuka yake ko dariya.

Rana ba ta faɗi ba sai ga Lambert a ƙofata, da kwando a hannu.

Ya ce, “Iya Dorkas, kin kashe Roma.”

Na ce, “Kullum ku kuke kashe ta, yau ɗaya na taya ku. Buɗe kwandon.”

Ya buɗe. Na ɗauko Barnabi na duba shi gaba da baya, yana warin albasa. Na sauka daga kan akwati, Lambert ya kwashi zannuwansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Tsakani da Allah, zai yi mana wuyar mayewa. Ba a samun irin wannan hancin yanzu.” Na ce ya je ya nema a littafin Malam Jarvis.

Na goge shi da ɗanyen tsumma, na ɗora shi a kan kantar katako da ke sama da murhu, tsakanin tulun gishiri da fitila. Kwanakin farko daɗi kamar me. Ina guga ina ba shi labarin unguwa, ina yi masa faɗan da ban samu na ƙarasa ba kafin ya mutu, ba ya musu. Sibil ta shigo aron sitaci ta gan shi, ta ce, “Ina kwana, Barnabi,” ta fita ba ta ko lura ba.

Amma da azahar ake busa ƙaho a Bushiya, kuma gidana a gindinsa yake. Lokacin da yake da rai, da ya ji ƙahon nan, ko cokali na bakinsa sai ya ajiye ya ruga. Yanzu idan aka busa sai in ɗaga kai in gan shi yana kallon ƙofa, baki buɗe da ramin da Hob ya yi masa. Na juya shi ya fuskanci bango, sai ya zama kamar yaron da aka yi wa horo. Na rufe shi da tsumma, abin ya fi muni. Na ce masa, “Kai dai ba ka taɓa son zaman gida ba, ko a mace.”

Da aka sake sa wasan tsohon shugaban yaƙi na je, don in ga abin da za su yi. Zannuwa fes, ni na wanke, don ban ce na bar sana'ata ba. Aka zo ƙarshe, aka kawo faranti da jan alharini. Sarki ya ɗan ɗaga gefe kaɗan, ya leƙa, ya yi maza ya rufe, ya fara kukansa. Saurayin nan ya durƙusa ya sumbaci alharinin ta sama. Ina gindin dandamali, na ga koren ganye ya leƙo ta ƙasa. Kabeji ne. Kabeji suka sa a gurbin mijina, ana ce masa uban Roma, ana yi masa kukan da na Barnabi ne. Jama'a ma sun ji a jikinsu, tafin da aka yi ko kaza ba zai kora ba.

Wannan ya fi tuffar ƙona mini rai. Washegari na sa shi a kwandon wanki na nufi ɗakin sa kaya.

Lambert na ganin sanƙon ya leƙo daga kwando ya miƙe tsaye. Na ce ya zauna, sharaɗi na zo da shi. Barnabi zai koma aiki, amma a Roma kaɗai. Girkawa su nemi kabejinsu, su ai ci za su yi, ya ma fi musu amfani. Ba kwano, ba ganye, ba wanda zai harbe shi da ƙafa. Ni zan kawo shi da azahar, ni zan miƙa shi a bayan labule, da an gama tafi in ɗauke abina mu tafi gida. Ba zai ƙara kwana da zaki da bakin jahannama ba. Hob kuma ya toshe ramin da ya huda, a gabana.

Lambert ya ce ya yarda tun kafin in rufe baki. Malam Jarvis ya ce a tsofaffin littattafai akwai matan Roma da suka yi wa mazansu irin wannan tsayuwar, har ana ba da labarinsu. Na ce to madalla, su ma wanki suke yi? Ya ce bai ga an rubuta ba.

Haka muke yi har yau. Yaron nan Malam Jarvis ma ya fara hankali. Kwanan baya ya tare ni a ƙofa, hula a hannu, wai yana rubuta sabon wasa yana son Barnabi ya fito. Na ce, “Mutanen ina ne?” Ya ce Romawa ne zalla, tun daga kakanni. Na ce, “Akwai liyafa?” Ya ce akwai ’yar ƙarama, amma kifi za a ci. Na ce zan zo gwaji in gani da idona.

Sai dai ƙarata ba ta ƙare ba, kuma ina so a ji ta. Hob ya toshe ramin, amma da takardar ta bushe sai ta ja gefen leɓen sama. Yanzu idan aka yaye alharini, sarki na kuka, matar na kuka, Barnabi na murmushi kamar wanda aka saya wa giya. Na ce a gyara, Lambert ya ce jama'a sun fi son sa haka, wai alama ce ta jarumin da bai ji tsoron mutuwa ba, Malam Jarvis har ya ƙara layi biyu a kai. Ni na san murmushin nan. Shi yake yi mini idan ya dawo a makare yana neman kada in yi magana. Zan ci gaba da zuwa wa Hob har ya gyara, ko ya mutu.

Da yamma idan an tashi, in sa shi a kwando a kan zannuwa masu jini, in rufe shi da gefen ɗaya saboda yayyafi. Muna wucewa ta ƙofar gidan giyar da ya saba maƙalewa, abokansa na zaune a benci suna kira, “Barnabi, ba ka shigowa?” In ce, “Ba ya shigowa. Gida za shi.”